Kafin Ka Zuba Kuɗin HND A Kan Kyamara Marar Madubi

Musu biyu ne ba sa ƙarewa a teburin mai shayin bakin get: na Arsenal da Chelsea, sai na Sony da Canon. Na farkon ba ya cin kuɗin kowa, iyakarsa a tashi da haushi. Na biyun kuwa yana iya lamushe kuɗin rajistar HND ɗin mutum ɗungurungum, har ya haɗa da ragon da Inna ta ba shi kiwo. Shi ya sa na ga ya dace a ɗauko shi daga kan benci a kawo shi shafin nan, musamman yanzu da mu 'yan ND II muke shirin fita shekarar IT, kuma da yawa cikinmu da hoto za su ci abinci a wannan shekarar, ko sun faɗa ko sun ɓoye.

Matsayata a taƙaice ita ce: ɗalibin da ke aiki a Daura da kewayenta bai kamata ya zaɓi kyamara da abin da ya gani a YouTube ba. Ya zaɓa da lens ɗin da ke jakarsa, da lens ɗin da ke jakar abokan sana'arsa, da wutar da ke gidansu, da ƙurar da zai shiga. Bature mai gwada kyamara a ɗaki mai sanyi bai taɓa tsayawa a filin Kangiwa ranar Hawan Magajiya ba.

Ga wanda bai san bambancin ba, kyamarorin da yawancinmu muka fara da su, irin su Canon 600D da 700D da Nikon D3100 ko D5300, suna da ɗan madubi a ciki. Shi ke tura haske sama zuwa inda kake leƙawa, in ka danna sai ya ɗaga, haske ya faɗa kan sensa, ka ji wannan ƙas ɗin. Marar madubi an cire mata shi. Haske na kan sensa koyaushe, abin da kake leƙawa kuma ƙaramin allo ne da ke nuna maka hoton yadda zai fita tun kafin ka danna. Panasonic ne ya fara fito da irinta a 2008, Sony ya kawo A7 mai babbar sensa a 2013, Canon da Nikon suka biyo baya da nasu manyan a 2018. A ƙarshen 2021 shugaban Canon ya nuna cewa 1D X Mark III ce ta ƙarshe a manyan kyamarorinsu masu madubi. To ka ga inda kasuwa ta dosa ba abin musu ba ne. Sai dai kamfani ya daina ƙera abu ba ya nufin wanda ke hannunka ya mutu. 700D da ta ɗauki hoton matriki mai kyau bara, bana ma za ta ɗauka.

Don haka tambayar farko ita ce, me tsohuwar ta kasa yi maka? In aikinka fasfo ne, da hoton rigar kammalawa, da hoton ajinmu a tsaye a rana, wallahi ba ka da uzurin sauyawa. Sayi lens mai kyau da filash, ka ajiye canjin. Amma akwai wurare uku da marar madubi ta yi wa tsofaffinmu fintinkau, kuma duk ukun aikin garin nan ne. Tana kama ido ta bi shi, ko da mutum yana tafiya. Tana riƙe saiti a bidiyo, ba ta yin wannan laluben da ke sa fuskar amarya ta dushe ta dawo. Sannan a wurin da haske ke canzawa kowane daƙiƙa, kana ganin sakamakon kafin ka harba.

Wannan na ƙarshen sai wanda ya yi aikin Hawa zai gane darajarsa. Farin rawani da farar malum-malum a tsakar rana, baƙin doki a ƙarƙashi, ja da koren dogarai a gefe, can 'yan bindiga sun saki hayaƙi ya rufe rabin filin. Mitar tsohuwar kyamara rikicewa take yi, ko ta ƙona farin ko ta binne fuskar a duhu, kai kuma ba za ka sani ba sai ka sauke ka duba, lokacin hakimin ya wuce da tawagarsa. Ba a ce wa hakimi ya dawo a sake. Haka ma lokacin jafi, da mahaya suka sako dawaki a guje zuwa gaban Sarki su ja linzami su ɗaga hannu: daƙiƙa biyu ce ko uku. 700D hoto 5 take yi a daƙiƙa ɗaya. Sony A6400 tana yin 11, Canon R10 tana yin 15. Ga wanda yake son ya sayar da hoton Sallah ko na Gani, wannan bambancin kuɗi ne. Kuma kasuwar tana faɗaɗa, tunda a Disambar 2024 UNESCO ta sa Hawan Kano cikin jerin al'adun duniya, idon masu neman irin waɗannan hotuna ya ƙara juyowa Arewa. Daura kuwa, garin Daurama da rijiyar Kusugu, ba ta buƙatar a gabatar da ita.

Wani ɗan gargaɗi a nan. Kyamarorin nan suna da yanayin harbi na shiru, wanda ba ya ƙara, kuma a wasunsu lambar gudunsa ta fi girma a takarda. A ƙananan kyamarori sensa na karanta hoton layi-layi ne daga sama zuwa ƙasa, don haka abin da ke gudu yakan fito a karkace: mashi ya lanƙwashe, ƙafar doki ta zama kamar ta roba. A ɗakin taro mai fitilun LED kuma sai ka ga ratsi-ratsi a hoton. Shirun yana da amfani wurin ɗaurin aure da walima, inda ƙas-ƙas ke damun mutane. A filin Hawa dai koma wa na ƙarfen, ka sa gudunsa 1/1000 ko sama.

Yanzu ga inda nake ganin musun mai shayi ya ɓata hanya. Ana ta gardama a kan jikin kyamara, alhali jiki shekara uku ko huɗu ake yi da shi a sauya. Bakin da lens ke shiga, shi ne ake aura. Canon nasu RF ne, Sony E, Nikon Z, Fujifilm X, kuma ba mai shiga na wani kai tsaye. Ranar da ka zaɓi baki, ka zaɓi lens ɗin da za ka saya shekara goma masu zuwa, da wanda za ka iya ara, da wanda zai iya saye a hannunka in ka matsu.

In kana da lens na Canon EF, ko da 50mm f/1.8 ne da 55-250mm, to ka riga ka yi rabin tafiya. Adaftar EF zuwa RF ta Canon tana sa su aiki a kan R10 ko R7 ko RP ba tare da an rasa saitin atomatik ba, sau da yawa ma sun fi kamawa daidai a can fiye da yadda suke yi a tsohon jikin. Mutum ya sayar da su a wulaƙance don ya koma Sony saboda wani ya ce Sony ce ta zamani, wannan asara ce aka yi mata kwalliya. Mai Nikon shi ma yana da adaftar FTZ, sai dai ya lura: tsofaffin lens na AF-D, waɗanda ba su da inji a cikinsu, da hannu zai riƙa juya su.

Wanda ba shi da komai kuwa, ko lens ɗinsa 18-55mm ne kawai da ya zo da kyamarar, ni Sony zan nuna masa, kuma dalilina ba jikin ba ne. Sony ya daɗe da buɗe wa wasu kamfanoni bakinsa, shi ya sa Sigma da Tamron suka cika kasuwa da lens masu kyau a farashin da bai kai na uwar gida ba: Sigma 30mm da 56mm f/1.4, Sigma 18-50mm f/2.8, Tamron 28-75mm f/2.8 ga babbar sensa. Canon sai a 2024 ya bar waɗannan kamfanoni suka fara yi wa RF lens masu saitin atomatik, shi ma a ƙaramar sensa aka fara. Shekarun da Sony ya riga su suna nufin kayansa na hannu sun fi yawa a kasuwa.

Akwai tarko ɗaya da nake roƙon kowa ya kiyaye, sunansa Canon M50. Kyamara ce mai kyau, ƙarama, mai araha, masu sayarwa kuma suna tura ta da zafi. Amma bakinta EF-M ne, ba RF ba, kuma Canon ya rufe wannan layin a 2023. Lens ɗinta ba ya hawa kan kowace R. In za ka saye ta da arha ka yi amfani da lens na EF ta adafta, kana sane, babu laifi. In kuwa kana tunanin matakin farko ce da za ka hau ka ci gaba, to tsanin a nan ya ƙare.

Nikon Z5 tana da kyau ga mai aikin situdiyo da hoton ango da amarya, babbar sensa ce da gidan memori biyu, amma hoto 4.5 a daƙiƙa ba na doki ba ne. Fujifilm kuwa kalarta abin sha'awa ce, na yarda. Sai dai ka tambayi kanka, in batirinka ya mutu a tsakiyar biki a Sandamu, wa za ka kira?

Wannan tambayar ce ta kawo ni ga abin da na fi son mu tattauna, don ban taɓa jin an ɗauko shi a musun ba. Mu nan ba kowa ke iya mallakar lens uku ba. Yadda muke aiki a zahiri shi ne aro: ka ba ni dogon lens ɗinka ranar Hawa, in ba ka 50mm ɗina ranar kamu. Batir ma haka, caja haka, filash haka. Muddin kowa yana kan EF, wannan zumuncin yana tafiya ba tare da an ma lura da shi ba. Yanzu da aka fara sauyawa, wannan ya tafi Sony, wancan Nikon, wani Fuji, sai ka ga mutum biyar sun kashe miliyoyi amma babu mai iya taimakon wani. Kowa ya zama maraya da sabuwar kyamara. Shawarata ita ce abokan da ke aiki tare su zauna kafin kowa ya taɓa kuɗinsa, su yarda da baki ɗaya, sannan su raba sayen lens: wannan ya sayi dogo, wannan mai faɗi, wannan na fuska. Iyayenmu mata da adashi suka yi kayan ɗaki, ban ga abin da zai hana a yi 70-200mm da shi ba. Na san za a ce aro na kawo rigima, kuma gaskiya ne, lens ya faɗi a hannun aboki ba ƙaramar jarrabawa ba ce. Maganinsa a rubuta yarjejeniya tun farko, wanda ya fasa ya gyara. Rigimar da za a iya rubuta mata doka ta fi sauƙi a kan ka ƙi karɓar aiki don ba ka da kayan yinsa.

Batun babbar sensa da ƙarama ma an cika zuzuta shi. Babbar, irin ta A7 III ko RP, ta fi tsafta a duhu, ta fi narkar da bayan mutum. Ga bikin dare a tsakar gida da ƙwan fitila biyu, ita ce. Amma ƙaramar tana da wata kyauta da ta dace da mu: tana kusanto da nesa. Lens mai 250mm a kan R10 yana ba ka abin da 400mm zai bayar a babbar. Kai da ba ka da katin 'yan jarida, dogari ya tsayar da kai bayan igiya tare da jama'a, wannan kusancin ya fi maka komai. Lens ɗinta kuma sun fi arha, sun fi sauƙin ɗauka daga safe zuwa la'asar. Megafiksel kuwa kada ma a fara. Miliyan 24 na nufin 6000 da 4000, ya isa a wanke hoto mai inci 20 tas, balle yawancin aikinmu a WhatsApp yake ƙarewa, inda ake matse shi ya koma ɗan mitsitsi. Ƙarin megafiksel ƙarin nauyi ne ga tsohuwar laftof ɗinka.

Abin da marar madubi ta fi cutar da ɗan Daura da shi, batir ne. Tunda allonta a kunne yake koyaushe, ci take yi kamar gara. A ma'aunin da kamfanonin suka yarda da shi, Nikon D3500 tana yin hoto 1,550 a caji ɗaya. Canon RP 250. A6400 wajen 410, A7 III kuwa 710, shi ya sa har yanzu masu biki ke riƙe da ita duk da ta 2018 ce. A aikace ana wuce waɗannan lambobin, amma tazarar tana nan. To ka lissafa da irin wutarmu, ka lissafa da aikin ƙauye a Baure ko Zango inda za ka kwana. Kuɗin batir biyu ko uku na cikin kuɗin kyamarar, kada ka yaudari kanka. Sauƙin da aka samu shi ne yawancinsu suna caji ta USB. Sony tana karɓar fawa bank na gama-gari, su R10 da R50 da RP kuwa sai mai alamar PD. Ka duba kafin ka tafi, ba bayan ka isa ba.

Sai ƙura. A tsohuwar, in ka cire lens, madubi da ƙofa ne ke gaban sensa. A yawancin marasa madubi sensa ce tsirara take kallonka. R6 da R7 suna rufe ƙofa in an kashe su, R10 da RP da A6400 ba sa yi. A hunturu, ko a kasuwar dabbobi ta Mai'adua, ko bayan dawaki ɗari sun taka fili, sauya lens a waje daidai yake da zuba wa sensa yaji. Ɗigo-ɗigon za su bayyana a sararin sama na kowane hoto. Wannan ma dalili ne na fifita lens ɗaya mai zuƙowa a ranar aiki, da ɗan famfon roba na hura iska a jaka. Kada a hura da baki, kada a goge da gefen riga. Zafin Afrilu da Mayu kuma, da ake haura digiri 40, yana sa ƙananan jikuna su kashe kansu in an daɗe ana bidiyon 4K a rana. Mai niyyar ɗaukar wa'azi ko taron awa biyu ya sani A7 III tana yanke bidiyo a minti 30, A6400 ba ta da wannan iyakar.

Mai aikin biki, akwai abu ɗaya da zan sa gaba da gudu da kala da komai: gidan memori biyu. Kati yana mutuwa ba sallama, kuma na jabu sun cika kasuwa. Na ga wani abokin sana'a yana bai wa uwar amarya haƙuri a kan hotunan kamu da suka tafi gaba ɗaya, ba na fatan in sake ganin irin wannan tsayuwar. Ba kuɗin da aka mayar ne ciwon ba, a gari irin namu labari ne ke riga ka isa gida na gaba. A7 III, Z5, R7 da R6 suna rubuta kowane hoto a kati biyu lokaci ɗaya. A6400, R10, R50 da RP kati ɗaya ne. In kati ɗayan kuɗinka ya kai, to yi amfani da ƙananan katuna da yawa maimakon babba ɗaya, ka kwafe a daren.

'Yan'uwa mata da ke wannan sana'a, ku ne kuka fi kowa hujjar sayen mai kama ido da aiki a duhu. Akwai ɗakunan da namiji ba ya shiga da kyamara, daga wurin ƙunshi zuwa ɗakin amarya, kuma a nan hasken ya fi ƙaranci, a nan kuma aka fi son hoton. Ƙaramin jiki da lens mai f/1.8 ko f/1.4 ya ishe ki. Sai dai in R50 ce ta burge ki don ƙanƙantarta, ki sani mazaunin filash ɗinta sabon salo ne, yawancin filash da muke da su ba sa aiki a kai sai da adaftar AD-E1.

Mu zo kan kuɗi, inda duk wani buri ke tsayawa ya huta. Kyamara da dala ake sayo ta. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take, a farkon 2024 ta haura 1,500. A6400 ta fito a kan kusan dala 900, R10 kusan 980, A7 III 2,000, duk jiki kawai ba lens. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne. Yi lissafin da kanka. Ni ma'aunina shi ne ka raba jimillar kuɗin, har da batir da kati da adafta, da ribar da kake samu a aiki ɗaya bayan ka cire kuɗin mota da data da wanki. In amsar ta fi yawan ayyukan da ka yi bara gaba ɗaya, ba lokacinka ba ne tukuna. Hayar kyamara ranar babban aiki ba abin kunya ba ne. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a taɓa kuɗin rajista, ko a tara na NELFUND da aka bayar don karatu, a ce ai hoto zai mayar. Biki yana da lokacinsa, bashi kuwa ba ya hutun damina.

Kusan dukkanmu ta hannu za mu saya, daga Kano ko a aiko daga Legas, to kada a biya sai an riƙe. Tafi da katinka da laftof. Duba sau nawa ƙofarta ta harba, akwai manhajojin da ke karantawa daga hoton da ka ɗauka. Ɗauki farin bango ko sararin sama a f/16 ka faɗaɗa, duk ƙura ko tabon sensa zai fito. Haska fitilar waya cikin lens ka nemi zare-zaren fumfuna, don kayan da suka zauna a ƙasa mai laima suna zuwa da ita. Gwada kowane gidan memori, gwada cajin USB, yi bidiyo na minti goma ka ji zafinta. In Sony ce, shiga jerin harsuna, domin waɗanda aka yi don kasuwar cikin Japan yawanci Japananci kawai suke ji. Sannan ka karɓi rasit mai lambar jikin kyamarar da sunan shagon, ka ɗauki hotonsa ka tura wa kanka. Kyamarar da aka ce maka rabin farashi ce amma ba takarda, ka bar ta inda ka gan ta, ko da kuwa mai ita ya rantse da abin da zai kashe shi.